Amaryar Jar Dawa

Har yau idan na tuna da komin nan mai tabarau, magatakardan rabon dawa, sai in ji kunnuwana sun ɗau zafi kamar an kifa su a kan murhu. Wata biyar ke nan da faruwar abin. Gwaggo ta ce in manta. Ni kuwa na ce sai na rubuta shi tukuna, don ranar da na tsufa haƙorana suka zube in sami abin da zan karanta in ci gaba da fushi.

Tun ina lakwal, makarantar boko, a ƙauyenmu abu guda nake so a duniya, a kira ni Madam. Matar mushe, malamin da ya koya mana karatu, haka ake kiranta, Madam, sannan a liƙa sunan mijinta a baya. Ba wanda ya san sunan da ubanta ya raɗa mata. Tana da takalmi mai tsini wanda ke nutsewa cikin rairayin ƙasarmu ta Kurfai har idon sawu, ta zaro wannan ƙafa, waccan ta nutse, amma ko sau ɗaya ban ga ta cire shi ba. Na ce a raina, wannan ita ce mace.

Mijina tela ne a kasuwar Filinge. Ba zan rubuta sunansa a nan ba, kuma za ku ga dalili. Ni na zaɓe shi da idona. Na kai masa ɗinkin riga guda, ya ɓata awon sau uku da gangan don in yi ta dawowa, ni kuma na yi kamar ban gane ba. Shekarata goma sha bakwai aka ɗaura mana aure, bayan kakar da ba kaka ba, wadda hatsi ya tsaya iya gwiwa ya bushe a tsaye. Manya suka ce a ɗaura yanzu, biki da tarewa sai Allah Ya kawo ruwa, don ba a tara mutane a ba su haƙuri su ci. Na yarda, saboda na riga na tsara bikina kaf a kaina: kwana uku ana kiɗa, lalle har gwiwar hannu, ƙawayena goma sha biyu cikin zane iri ɗaya, a kai ni Filinge a kan raƙumi da yamma ina kukan ƙarya. Kwana goma sha biyu da ɗaurin auren, mijin nawa ya kwance kan keken ɗinkinsa ya sa a buhu, ya hau kamiyo, babbar motar da ke bin hanyar Baleyara, ya yi kudu neman aiki. Mai jin yunwa ba ya kawo ɗinki.

Sai na zauna a gidan ubana, matar aure ba miji, budurwa ba samari. Na ɗauki gawayi na cika bayan rumbunmu da rubutu, Madam da sunansa, Madam da sunansa, manya da ƙanana. Rumbun dai ba komai a ciki, gara a sami wani abu a waje. Kuma na addabi kowa da tambaya guda: yaushe zan fara amsa sunan? Liman ya ce mace da sunan ubanta take shiga kabari, sauran duk bidi'ar Nasara ce. Matar mushe ta ce sai an buga hatimi a takarda. Gwaggo, ƙanwar babana, wadda ke da ɗakin iskoki a bayan gida kuma ba ta tsoron kowa sai kunama, ta dube ni ta ce, "Ke da ba ki iya faɗin sunan da bakinki, mi za ki yi da shi? Rataya shi za ki yi a wuya?"

Gaskiya ta faɗa, shi ya sa abin ya yi mini ciwo. A wurinmu mace ba ta kiran sunan mijinta. Sai dai ta ce "shi", ko "maigidan", ko ta yi shiru ta kalli ƙasa har mai tambaya ya gane. Ni da ake cewa bakina ya fi rediyo, ko a mafarki ban taɓa furta shi ba.

Da rani ya yi nisa aka fara kawo taimakon jar dawa. A ƙauyenmu mai gari ya ƙidaya bakunan gidanmu ya tsallake ni. Babana ya ce, "Ga ɗiya nan zaune." Mai gari ya ce, "Wannan an ɗaura mata aure, ta Filinge ce, can za a rubuta ta." Daga ranar duk lomar da na kai baki sai in ga ƙannena suna raka ta da ido har maƙogwaro.

Ana nan sai ga saƙo daga uwar mijina. Tsohuwa ce, mijinta ya daɗe da rasuwa, ita kaɗai ta rage a gidan a Filinge. Ta ce don Allah a turo mata yarinya, akwai matsala a wurin rabo. Ni ban taɓa yi mata magana ba. Idan na hango ta a kasuwa, bayan raƙumi nake ɓuya. Gwaggo ta ɗaura ɗamara ta ce mu tafi. Muka fita da sassafe, rana ba ta kai tsaka ba muka iso.

Mun same ta zaune a gindin katanga kusa da filin rabo, buhu wofi naɗe a cinyarta. Na durƙusa na sunkuyar da kai, Gwaggo ce ta yi gaisuwar. Tsohuwar ta rame har awarwaronta na igiya yana zamewa zuwa gwiwar hannu. Ta yi bayani a hankali, tana kallon Gwaggo don kada ta kalle ni. Gidan an rubuta shi da sunan ɗanta, shi ne maigida. Komin da ke riƙe da littafin ba ya kiran suna, sai dai mai karɓa ya zo ya faɗi sunan maigidansa, a duba, a auna masa. Ɗan nan kuwa shi ne ɗanta na fari. Uwa ba ta faɗin sunan ɗan fari. Tun ranar suna har yau, shekara ashirin da shida, "yaron nan" take cewa.

"Sau biyu ina zuwa," in ji ta. "Na ce mishi mai keken ɗinki. Na ce mishi na bayan masallaci. Maƙwabciyata ta faɗa a madadina, sai ya ce kitsa mani anka yi, wai ina uwar da ba ta san sunan ɗanta ba."

"Mi kike ci?" in ji Gwaggo.

"Akwai anza a jiƙe."

Anza ƴaƴan daji ne masu ɗacin da sai an jiƙa su kwana da kwanaki kafin akuya ma ta yarda ta kalle su. Kuma ranar nan ce ranar ƙarshe. Da la'asar za a rufe littafi, kamiyo ya wuce gaba, sai kuma wani watan idan da rabo.

Muka shiga layi. Layin nan, wallahi, da a ce miƙe yake da ya kai garin Damana. Mata ne kusan duka, kowacce da ƙwarya ko buhu, ba mai magana da ƙarfi don magana ma tana cin abinci. A can gaba ƙarƙashin rumfa ga tebur, ga komin, wato magatakardan da aka turo tare da kayan. Saurayi ne da bai fi mijina ba, da farar riga mai guga da tabarau baƙi, da bik guda uku a aljihu kamar zai rubuta wa duniya wasiƙa. Gefensa wani gardi dattijo, mai gadin kayan, yana riƙe da tiyar awo.

Da muka iso gabansa bai ɗaga kai ba.

"Sunan maigida."

Muka dubi juna.

Ya ɗago, ya ga tsohuwar, ya yi tsaki. "Ke ce kuma? Tsohuwa, ba na ce miki ba? Nan biro ne, wurin aikin gwamnati, ba zaure ba."

"Ranka shi daɗe," in ji Gwaggo, "ga matarshi mun kawo."

Ya zame tabarau ya dube ni daga ɗankwali har silifa. "To, matarshi. Sunan mijinki."

Na buɗe baki. Na rantse na buɗe. Amma ga uwarsa a damata, ga matan unguwarsu a bayana sun miƙo wuya kamar zabi, kowacce tana jiran ta ji ko amaryar tela marar kunya ce. Sunan ya taso ya zo nan wuyana ya zauna, ya ƙi gaba ya ƙi baya.

Komin ya yi dariya ya juya ga gardi. "Ka gani? Uwa ba ta sani ba, mata ba ta sani ba. Wataƙila mutumin ma babu shi." Ya koma kan tsohuwar, ya sassauta murya kamar mai lallashin yaro. "Inna, faɗi kawai. Kalma guda. Ki faɗa ki ɗauki dawarki ki tahi gida. Wa zai mutu?"

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne ya sani. Hausarsa irin tamu ce, ba daga Faransa ya faɗo ba. Na tabbata a wani gida cikin ƙasar nan akwai wata tsohuwa da ke ce masa "yaron nan", kuma da wani ya tsayar da ita a rana ya ce sai ta faɗa, da ya fasa masa tabarau.

Na saci kallon uwar mijina. Ta dubi buhunan da ke jibge, ta dubi ƙasa, ta haɗiye yawun da babu, ta fara buɗe baki. Shekara ashirin da shida tana riƙe da abin nan, za ta sake shi a gaban kowa saboda tiya kaɗan na dawar da aka ce a ƙasar da ta fito dabbobi ake ba.

Ban san lokacin da hannuna ya kai aljihunsa ba. Na zare bik guda, na jawo wata takarda a kan teburin, na rubuta da irin rubutun da mushe ya taɓa ɗagawa ya nuna wa aji: Madam, da sunan mijina, da na ubansa. Na ja layi a ƙasa. Na tura masa.

Gardi ya ce, "Kai!" Matan baya suka ce, "Mi ta yi? Mi ta yi?" Gwaggo ta juya ta sanar da su da ƙarfi, "Ta rubuta shi! Ba ta faɗa ba, rubutawa ta yi!"

Komin ya karanta. Ya buɗe littafi, ya bi da yatsa, na ga yatsan ya tsaya. Sunan yana nan. Na ce shi ke nan, mun gama. Ashe an taɓa masa girma, kuma an taɓa masa bik.

"Madam," ya ce, yana jan kalmar kamar danƙo. "Tun yaushe? Ina takardar aure?"

"Liman ya ɗaura, gari ya shaida," in ji Gwaggo.

"Liman yana da hatimi?" Ya dube ni. "Ina kike kwana?"

"Gidan babana."

"To ke madmazel ce, budurwa. Ki koma a ba ki a gidan babanki."

"Can sun ce ni ta nan ce!"

"Nan kuma na ce ke ta can ce." Ya mayar da tabarau. "Ku ji doka. Mace tana amsa sunan miji in tana da takarda mai hatimi, ko kuwa in unguwa ta shaida tana cikin gidanshi, ta tare. Ke ba ki da ko ɗaya. Na gaba!"

Nasara sun tafi tun ina ƴar ƙarama, an sauke tutarsu an yi kiɗa, amma sun bar mana hatimi da masu tabarau su yi ta gasa mu a rana. Na faɗa masa wannan, da wasu abubuwan da ba zan rubuta ba, har gardi ya janye ni gefe yana cewa, "Ɗiyata, ya isa, ya isa." Da muka yi nisa da teburin ya rage murya ya ce da Gwaggo, "Kun dai ji abin da ya ce. Ta tare. Bai ce yaushe ba."

Gwaggo ta dubi uwar mijina. Uwar mijina ta dubi Gwaggo. Sannan su biyun suka dube ni, irin kallon da ake yi wa kaza ranar da baƙo ya sauka.

"A'a," na ce. "Gwaggo, a'a. Bikina fa? Raƙumina fa?"

"Raƙuman duk sun mutu."

"Baba bai sani ba!"

"Ni ce ubanki a nan. Ciki ɗaya munka fito."

Tsohuwar ba ta roƙe ni ba. Da ta roƙa da na sami abin yin gardama da shi. Cewa ta yi, har yanzu tana kallon Gwaggo, "A bar yarinya. Amarya sau ɗaya ake kai ta. Anza ba ta ƙare ba." Ta fara naɗe buhunta.

Ita ta gama da ni. Na ce, "Ina mayafin?"

Babu mayafi. Gwaggo ta kwance zanen da ta yafa, wanda ke warin hayaƙi da akuya, ta kifa mini a ka. Ta shiga tsakiyar layin ta ɗaga murya: "Matan bayan masallaci! Ku zo ku kai amarya!" Na ɗauka ba mai barin wurinta. Sai na ga, ta ƙasan zanen, mata suna ajiye ƙwarya da duwatsu da takalma a inda suke tsaye don su riƙe musu layi. Wajen ashirin suka fito.

Haka aka kai ni gidan miji, da azahar, a ƙasa, ba lalle, ba kiɗa, ba ango, rairayi yana soya mini ƙafa ta cikin silifa. Wata ta gwada guɗa, maƙogwaronta a bushe, abin ya fito kamar an taka zabo. Sauran suka fashe da dariya, sannan suka kama, guɗar ta tashi da gaske har mahauta suka leƙo daga rumfunansu. Gwaggo ta matso ta mintsine ni a cinya. "Yi kuka, amarya na kuka." Ba ta san tun daga bakin kasuwa nake yi ba, kuma ba na ƙarya ba ne.

A ƙofar gida suka sa na shiga da ƙafar dama. Aka zaunar da ni a ɗakinsa, ba komai ciki sai tabarma da ƙafafun keken ɗinki marar kai. Sai wata ta tuna cewa ba a sayi baki ba, amarya kuwa ba ta magana a gidan miji sai dangin ango sun ba ta wani abu. Uwar mijina ta shiga ta fita, ta shiga ta fita. Duk abin sayarwa ta riga ta sayar. Can ta dawo da wani tsohon almakashin ɗanta mai karyayyen kunne, ta durƙusa ta ajiye a gabana da hannu biyu.

"Yau na ga araha," in ji Gwaggo. "Bakin da ya hana Kurfai barci, an saye shi da rabin almakashi."

Suka ce saura wuta, sai amarya ta hura murhun gidan. Na fito na haɗa kara na hura, hayaƙi ya cika mini ido, na ɗora tukunyar anza don babu wani abin ɗorawa. Gwaggo ta kama hannuwana ta goga su a gindin tukunyar. "Ga lallenki," ta ce.

Muka koma filin kafin la'asar, mata ashirin a bayana. Na ajiye hannuwana biyu baƙi ƙirin a kan teburinsa, kusa da farar rigar.

"Na tare."

"Yaushe?"

"Ɗazu."

"Mun shaida!" in ji matan, da murya ɗaya, har tabaran ya zame masa zuwa kan hanci. Ya dubi gardi. Gardi yana kallon sama kamar ya hango hadari. Ya dubi layin, wanda yanzu duk ya san labarin kuma ya daina yin shiru. Ya jawo littafin.

Na miƙa wuya in ga yadda zai rubuta Madam. Na ce ko ba komai yau zan gan shi a littafin gwamnati, da tawada, ba da gawayi a bayan rumbu ba. Sai ya sa bik ya yi ɗan ƙaramin gicciye a gefen sunan mijina, irin wanda kaza ke bari a rairayi. Shi ke nan. Ya ce, "Na gaba." Kwana uku na kiɗa da ƙawaye goma sha biyu da raƙumi, duk sun tafi a kan ƙafar kaza.

Gardi ya auna mana na mutum biyu, kuma na lura bai share kan tiyar ba. Ni na ɗauko buhun a ka. Da yamma na daka, na tuƙa tuwo ja kamar birgi, gasasshen tubali, mai taurin da za a iya jifan kare da shi. Na kai wa tsohuwar nata, na koma bayan ɗaki da nawa, don ba a cin abinci gaban uwar miji. Daga inda nake ina jin ƙarar cokalin katakonta tana kankare ƙwaryar har ƙasa.

Gwaggo ta koma ƙauye ita kaɗai. An ce babana ya saurare ta har ƙarshe, washegari ya aiko mini da tabarmata da ƙwarya biyu. Bayan wata guda wasiƙar mijina ta iso gidan babana, da sunana na budurci a bayanta, yana ce mini in ƙara haƙuri, idan ya dawo zai yi mini bikin da Filinge ba ta taɓa gani ba. Na ba shi amsa shafi huɗu. Na ce ya zo da kan kekensa kawai, biki an riga an yi, shi kaɗai ne bai samu zuwa ba.

Yanzu ruwa ya sauka, hatsi ya fara fitar da kai. Makon jiya aka yi bikin wata ƙawata, da kiɗa da lalle da komai. Na je na ci abinci sau uku don haushi. Ban da komin da ya faɗa da ba'a, ba wanda ya taɓa kirana Madam, ko mutum ɗaya. Daga bakin rijiya har kasuwa, Amaryar Jar Dawa suke ce mini, yara ma sun sa shi a waƙa.

Tsohuwar ta yi ƙiba kaɗan, awarwaron ya daina zamewa. Jiya tana tsince dawa a tsakar gida, ba ta kalle ni ba, ta ce, "Ɗiyata, yaron nan bai sake aiko da takarda ba?"

Na ce, "Shi? Bai aiko ba tukuna, Inna."